Kabad ɗin da Ya Ƙi Fita Ƙofa

Duk wanda ya taɓa kai wa Malam Inci aiki ya san tambayarsa ta farko. Kafin ya ji irin gadon da kake so, kafin a yi maganar katako ko fenti, sai ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya ce, "Ƙofarka inci nawa ce?" In ka ce ba ka sani ba, sai ya mayar da tef ɗinsa ya ce ka je ka auno. Daga nan sunan ya fito, ya bi shi har ya danne na yanka. Ba mafaɗaci ba ne, amma ba abin da ke ƙona masa rai kamar kafintan da zai ƙera kaya, a kai gidan mutane, a tsaya ana kallon-kallo da ƙofa. Irin wannan, in ji shi, ba kafinta ba ne, mai ɓata katako ne.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shigo babban birni da jaka ɗaya. Ya yi shekara tara a hannun wani tsohon oga mai zafin rai, wanda bai taɓa ce masa aiki ya yi kyau ba, sai dai in ya duba bai ga aibu ba ya yi gaba abinsa. Da ya samu 'yanci ya kama shago a ƙasan wani bene kusa da tashar bas, ya yi aure, ya kama ɗaki biyu da falo a hawa na uku na wani gidan haya. A lokacin aiki har ture shi yake yi. Birnin na ta faɗaɗa, kowane sabon gida na neman gado da kujera da ƙofofi, shi kuwa hannunsa na da kyau, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Matarsa 'yar birnin ce, a can aka haife ta. A shekarar farko kayanta a akwati suke da kwalaye, tana ɗinki a falo, yadudduka na zube ko'ina. Matar kafinta guda, a ce ba ta da wurin rataye riga. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya fara hawa da falankai ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa, irin katakon da yake ɓoyewa ba ya sayar wa kowa, ya mai da uwar ɗaki shago duk ranar hutu har wata huɗu. Kabad ya yi mata mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, daga wannan bango zuwa wancan, kansa na neman taɓa silin. Bai buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Kowace mahaɗa haƙori ya yanka mata, wannan ya shige cikin wancan, ya bi da gam ya matse. Aikin da ogansa ya koya masa ne, wanda ba mai biyan kuɗinsa a kasuwa.

Wani abokin sana'arsa ya hau ya gani, ya shafa, ya jinjina kai. Sannan ya dubi ƙofar ɗakin ya ce, "To Inci, ranar fita fa?"

Ya ce, "Fita ina?"

Ka ji mutum. Yana da shekara ashirin da takwas, aljihunsa da nauyi, gani yake birnin nan nasa ne.

Shekara ashirin da uku suka yi a ɗakin. 'Ya'ya uku aka haifa a ciki. Babbar ta yi aure a wata unguwa can ƙarshen gari, maza biyun suna sakandare. Abubuwa ba su lalace rana ɗaya ba, a hankali suka riƙa zamewa. Aka fara shigo da kayan ɗaki a kwali, na garin katako da aka matse, masu sheƙi, waɗanda in ruwa ya taɓa su suke kumbura kamar burodi. Mutane suka raja'a a kansu. Layin shagonsa ya koma na masu sayar da waya, suka fara ƙorafin ƙura da ƙarar zarto. Hayar shago ta hau, ta gida ta bi ta, kowace shekara sai an aiko takarda. Bayansa ya fara ciwo. Wanda a da ake bin layi a wurinsa ya koma gyaran ƙafar kujera da sauya marfin durowa.

Ƙanensa da ke zaune a wani ƙaramin gari, tafiyar awa biyar a mota, shi ya kawo maganar su komo can. Akwai gida a ƙasa mai tsakar gida, da rumfa a gaba da za ta yi shago, ga makaranta ana zuwa da ƙafa. Abin da suke biya a wata uku a birni zai riƙe su shekara. Malam Inci ya yi ta juya zancen a ransa har damina ta wuce, sannan wata safiya, bayan yara sun fita, ya zauna a bakin gado ya gaya wa matarsa.

Ba ta daina ninke kayan da take ninkewa ba. Ya san abin da yake roƙonta ta bari. Masu kawo mata ɗinki na shekara ashirin, maƙwabtan da suka zama 'yan'uwa, kabarin mahaifiyarta, ga babbar 'yarsu da cikin fari wata biyar.

Can ta ce, "Na ji, Malam. Abu ɗaya ne. Kabad ɗina zai bi ni. In ba shi, ba ni."

Daɗi ya kama shi don ya zaci za a yi kuka. Ya ce, "Wannan ai ba abin magana ba ne."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Yana kan matakala, tsakanin hawa na uku da na biyu, ya tsaya cak, ƙofar ɗakin ta faɗo masa a rai.

Ranar da ta tafi kasuwa ya dawo gida da rana kamar ɓarawo, ya auna. Ya san amsar, amma ya auna. Kabad ɗin ya fi ƙofa tsawo da taƙi guda. A kwantar da shi, silin ba zai bari ba. Ko ya bari, lungun da ke bayan ƙofar bai isa a juya shi ba. Taga kuwa ƙarafa ne aka dasa cikin siminti. Ya bi mahaɗun da yatsa yana neman inda gam ya saki, ko wuri ɗaya. Babu. Aikin ya yi kyau, abin da ya cuce shi ke nan.

Ya je wurin wakilin mai gidan ya roƙi a bar shi ya fasa saman ƙofar, zai gyara da hannunsa kafin ya ba da makulli. Wakilin ya yi dariya ya ce bene ba a yi masa haka. "Ka bar shi kawai, Malam. Wanda zai shiga ma da na nuna masa ɗakin, kabad ɗin ne ya tafi da hankalinsa." Malam Inci ya yi godiya ya fito, ransa a jagule.

Sati shida ya yi da maganar a cikinsa. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga tana naɗe kofuna a tsohuwar jarida, ko tana ba maƙwabciya tukunyar fure, sai ya haɗiye. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Ya san matarsa ba ta magana biyu. In ya ce kabad ba zai fita ba, ta ce to ita ma ba za ta fita ba, ina zai sa kansa? Ya riga ya saki shago, ya riga ya karɓo wa yara takardun canjin makaranta.

Ranar tashi babbar mota ta iso da sassafe da 'yan dako uku. Aka sauke gado, aka sauke keken ɗinki, katifu, buhunan tukwane, akwatin kayan aikinsa. Kafin hantsi ɗakunan sun zama wayam, murya har amsawa take yi. Sai kabad, tsaye a inda yake, an kwashe kayan cikinsa, ƙofofinsa a buɗe.

'Yan dakon suka ja shi daga bango da ƙyar. Suka karkata shi, kansa ya daki silin. Suka juya ta ɗaya gefen, ya daki bango. Direban motar, wani mai ƙiba da ya gaji da danna hon, ya hauro yana haki. Ya dubi kabad, ya dubi ƙofa, ya ce, "Yallaɓai, don Allah wane sakaran kafinta ne ya yi muku wannan aikin?"

Malam Inci ya ce, "Ni ne."

Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya juya baya yana tari. Direban ya sosa ƙeya ya ce katakon dai mai kyau ne.

Matar tana tsaye a bakin ƙofa da mayafinta da jakarta. Ta ce, "Ku ɗan ba mu wuri." Suka sauka, har da yaran. Ta shigo ta turo ƙofar.

Ya ce, "Ba zai fita ba. Na daɗe da sani. Na kasa gaya miki ne."

"Ni ma na sani."

Ya ɗago ya dube ta.

"Malam, shekara ashirin da uku ni ke share ɗakin nan. Kana ganin ban san ya fi ƙofa ba? Ranar da ka zo ka auna ma na ga sawun yatsunka a ƙurar samansa."

"To me ya sa kika ce..."

"Don ka ce mu zauna." Muryarta ta karye a nan, ta tsaya ta daidaita ta. "Na ce ko in ka ga ba zai fita ba za ka nemo wata dabara. Kullum kana nemo dabara. Na yi ta jira ka zo ka ce an fasa."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, don babu sauran abin zama. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar ogansa. Ya ce, "Babu dabara. Na duba ko'ina. Birnin nan ya fi ƙarfina, Maman yara. Na gaza."

Bai taɓa faɗin wannan kalmar a gabanta ba. A ƙasa direba ya sake danna hon, sau ɗaya, a hankali.

Ta ce, "Sun sa akwatin kayan aikinka a mota?"

"Sun sa."

"Aika a ɗauko zarto. Ba zan bar wa wani shi ba, kuma ba wanda zai sa masa hannu sai kai."

Ya cire ƙofofin uku da madubin, aka sauka da su a naɗe cikin bargo. Ya ja layi da fensir daga sama har ƙasa a wuri biyu, ya daɗe yana duba layin kafin ya ɗora zarto. Katakon ya bushe ya yi tauri, zarton na shiga yana kuka, ƙamshinsa ya tashi sabo kamar jiya aka yanko shi. Ita ta riƙe masa gefen don kada ya tsage. Garin katako na zuba a kan mayafinta, ba ta kaɗe ba. Hawaye na zubo mata, su ma ba ta share ba, shi kuma bai ɗago ba har ya kai ƙasa. Gida uku aka fitar da shi, kowane ya wuce ƙofar ba tare da ya goge ta ba.

Babbar 'yarsu ta zo sallama da mijinta. Uwa da 'ya suka rungume juna a gefen mota. A hanya matar tana gaba kusa da taga, tana kallon benaye na raguwa har suka ƙare, gonaki suka fara.

Sabon gidan ya fi yadda ƙanensa ya faɗa tsufa. Famfo a waje yake, rumfar gaban tana yoyo, titin kuma shiru, in mota ta wuce sai ka ɗaga kai. Amma ɗakin na da faɗi. Kwana huɗu gutsattsarin kabad ɗin na jingine a bango, kayanta na cikin buhuna, ba ta tambaye shi ba. A rana ta biyar ya fita ya dawo da ƙullin sukurori da 'yan ƙarafan haɗi. Ya tsayar da gida biyu ya daidaita su, ya fara huda.

Ta shigo da tsintsiya ta tsaya. "Mene ne wannan?"

"Sukuru ne. Haka ake yi yanzu. Duk ranar da za a tashi, sai a kwance shi cikin minti goma, ya fita kowace irin ƙofa." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ciki ba. "Na yi hankali."

Ta ɗauki sukuru ɗaya ta juya shi a tafin hannunta, ta mayar cikin ƙullin.

"Cire su."

"Tabon yankan fa zai fito ko ta yaya, amma da waɗannan..."

"Tabon bai dame ni ba. Ka sa masa gam yadda ka yi da farko." Ta dubi ɗakin, bangon da ba ta saba da shi ba, tagar da ke kallon katangar mutanen da ba ta san sunansu ba. "Sau ɗaya na tashi, Malam, ya ishe ni. Ka haɗa shi yadda ba zai sake fita ba."

Ya tsaya da abin huda a hannu. Ta sunkuya ta fara share garin katakon da ya zubar. Ya kwance sukurori biyun da ya riga ya ɗaura, ya sa hularsa, ya fita titi yana neman wanda zai tambaya inda ake sayar da gam a garin.