Fayil Ɗin da Ya Shiga Bisa Kuskure

A daminar da babur ya kayar da ni a hanyar dawowa daga kasuwar Dole Kaina, ƙafata ta dama ta karye wuri biyu. Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Bagudo, ba ni da iyali, don haka yayata ta ce a kai ni gidanta, a wani ƙauye dab da iyakar Benin. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar har na ga duhu, ya jera karare ya ɗaure, ya ce kada in kuskura in taka ƙasa.

Aka sa ni a ɗakin da mijinta, wanda masunci ne, ke ajiye kayan aikinsa. Taru a rataye, buhunan bandar kifi a jingine, taga guda ƙarama da ba na ganin komai ta cikinta sai reshen darbejiya. Daga katifata zuwa ƙofa taku shida ne. Na ƙirga da ido ya fi sau ɗari.

Babu sabis a ɗakin. Sai an hau wani tudu a bayan gari sannan waya ke kama na Benin. Kowace safiya Yaya kan tafi da wayata can in ta je ɗebo ganye, saƙonni su shigo, ta dawo mini da ita. Ta haka na sami labarin cewa dandalin da nake ɗora rubuce-rubucena a intanet zai rufe ƙarshen wata.

Shekara shida ina rubutu a wurin. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: sunayen kifayen kogin Kwara, yadda ake ɗinke kwale-kwale in ya tsage, yadda ’yan kasuwar iyaka ke fara ciniki da Hausa su ƙare da yaren Dandanci. Abin da ya cece ni, kafin in ɗora kowane rubutu sai na fara buga shi a tsohuwar kwamfutata, rubutu zalla babu ado, kowanne a fayil nasa mai lamba. Na duba foldar, na ga sun haura sittin.

Wani abokina da muka yi karatu tare, yana aiki a Sakkwato, ya ce yana da wurin da zai ɗora mini. Amma ya rubuto cewa, “Kada ka aiko mini su ɗaiɗai, ba ni da lokaci. Haɗa su shafi guda, in ɗora kawai.”

Na fara da hannu, in kwafo nan in liƙa can. Ina kai na biyar bayana ya ƙage, domin a kishingiɗe nake, kwamfutar a kan cikina. Sai na ce bari in sa na’urar ta yi da kanta. Na rubuta mata ’yan layukan umarni: shiga folda, ɗauki duk fayil ɗin da ke ciki, mayar da layin farko kanun rubutu, inda kika ga fili ki buɗe sabon sakin layi, sannan ki zuba duka a shafi ɗaya da jerin kanu a sama.

Batirin awa biyu yake yi. In ya mutu sai mijin Yaya ya ɗaura kwamfutar a babur ya kai wa mai caji, ta kwana can. Kowane kuskure na kwana guda ne. Da farko ta jera su a hargitse, na goma ya riga na biyu, sai da na bi su na sa sifili a gaban ƙananan lambobin. Sannan haruffa masu lanƙwasa suka lalace. A wasu fayilolin, duk inda na rubuta ƙugiya ko ɗan kwale-kwale sai in ga alamar tambaya da wasu ’yan akwatuna. Kwana uku ina neman dalili, kafin in gane fayilolin da na taɓa gyarawa a shagon intanet na Bagudo an adana su da wani tsari daban.

Ranar da shafin ya fito daidai, na yi ta gangarawa daga sama zuwa tsakiya ina murmushi ni kaɗai. Ban kai ƙarshe ba batiri ya fara kuka. Na yi maza na tura shi waya, na nuna wa Yaya inda za ta danna.

Bayan kwana biyu ta dawo daga tudu da amsa. Abokina ya ce, “Na ɗora tun jiya, har na raba wa mutane. Amma na ƙarshen nan, ka tabbata kana so a gani?”

Na buɗe. A can ƙasa akwai wani rubutu da ba shi da lamba. Na manta da shi sarai. Na yi shi ne wata biyu bayan rasuwar Inna, ranar da raina ya ɓaci, ban taɓa nufin kowa ya gani ba. A ciki na faɗi yadda na sami aiki a Kaduna, Yaya ta zauna tana kuka tana cewa wa zai riƙa kai Inna asibiti, na haƙura. Na rubuta cewa Inna ta tafi amma Yaya ba ta sake ni ba, ta fi so in ruɓe a kusa da ita. Ni na ce wa na’urar ta ɗauki duk abin da ke cikin foldar, ita kuwa ta ɗauka.

Gyaran bai ci minti biyu ba. Na ƙara layi guda: fayil mai lamba kaɗai. Fitar da gyararren shafin daga ɗakin ne aikin. Na ƙwala wa Yaya kira.

Ta shigo tana goge hannu da gefen zane. “Ba shekaranjiya na aika ba? Mi ya faru kuma?”

“Kuskure ne, Yaya.”

“Wane irin kuskure?”

Na so in ce harafi ne ya lalace. Amma ɗalibaina na karanta rubutuna, kuma wasunsu ’yan ƙauyen nan ne. Na ce, “Akwai abin da na rubuta a kanki, ya shiga ciki.”

Ta jawo buhu ta zauna. “Karanta mini.”

Na fara, ina tsallake layi. Ta ce, “Auta, duka.” Na koma farko. Na karanta har ƙarshe. Ta ce, “Ka gama?” Na ce na gama. Ta ɗauki kwanon da na ci abinci ta fita. Wayar na nan a kan katifa.

Da la’asar ruwa ya tsuge. Kwana uku ana yi, fadamar da ke tsakanin gari da tudu ta cika. Mijinta ne ke kawo mini abinci da ruwan alwala, ya ce, “Sannu, Malam,” ya fita. Ina jin muryarta a tsakar gida, ina jin dakanta, ba halin in bi ta in ba ta haƙuri. Sau ɗaya na ja gindi har bakin katifa, zafin ya mayar da ni. Na kwanta ina kallon azara, ina tunanin a wannan lokacin wani a Birnin Kebbi ko Bagudo na iya zama yana karanta abin da na ce a kan matar da ke wanke mini tufafi.

Rana ta huɗu ta shigo. “Ba ni wayar.”

Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo zanenta a jiƙe yake har ƙugu, ƙafafunta duk taɓo. Ta ajiye wayar ta ce, “Ya tafi.”

Na ce, “Yaya, ki yafe mini.”

Ta tsaya jikin ƙofa. “Abin da ka rubuta, ba duka ne ƙarya ba. Na ji tsoro. Baba ya tafi, Inna na kwance, ga ka da jaka.” Ta matse bakin zanenta, ruwa ya ɗiga. “Amma da ka faɗa mini da bakinka. Ba sai injin ya faɗa wa duniya ba. In ka tashi, ka nemi aikinka inda kake so. Ba zan ƙara kuka ba.”

Abokina ya sauya shafin a ranar. Ban san mutum nawa suka riga suka karanta ba, shi ma bai sani ba.

Na koma makaranta da sanda bayan sallar layya. A ofishin malamai wani abokin aikina ya yi mini sannu da jiki, sannan ya ce, “Yaya yayarka?” Ya ɗan ja maganar, ko kuwa kunnena ne ya ja ta. Na ce tana lafiya, na wuce aji. A shekarar na sake neman aiki wuri biyu, a Kaduna da Sakkwato. Babu wanda ya kira ni.