Sakatar da Ba Ta Bindigar Ba

Tun da na ga mijin ƙanwata ya shigo maƙerata da tabarma a naɗe a hammata na san ba salla ta kawo shi ba. Lokacin an gama babban yaƙin Turawa ba da jimawa ba, ina da 'yar rumfa a unguwar Utaibiyya da ke Makka, ina gyaran butocin gahawa da wuƙaƙe da ƙusoshin ƙofa. Shi kuwa daga ƙasar Hausa ta Sudan ya biyo ya zo, awaki yake kiwo can bayan unguwar Zahir, kuma mutum ne da ba ya yarda akwai abin da hannunsa bai iya ba.

Sai da ya leƙa hanya sau biyu kafin ya warware tabarmar. Bindiga ce ya haɗa da kansa. Bututun na ragowar bindigogin Turkawa ne, ƙotar shi ya sassaƙa, ba laifi. Kuraye ne suka dame shi, in ji shi, zai riƙa fita da ita wajen iyakar Harami. So yake in duba in ce ta yi. Na lura ba "duba ko ta yi" ya ce ba.

Hankalina ya tsaya a kan ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayansa, wanda muke kira sakata. Launinta daban ne da na bututun. Na tambaye shi inda ya samo ta, ya ce tare suka zo. Na sake tambaya, ya ce wani Balaraben ƙauye ne ya ba shi. A karo na uku sai ya ce ina ruwana da asalinta, ai ba aurenta zan yi ba. Raina ya ɓaci, domin wannan sakata daidai idonsa na dama za ta zauna ranar da ya ja kunama. In ba ta kama da kyau ba, wutar da ya nufi kura da ita fuskarsa za ta dawo, ƙanwata kuma tana da goyo.

Na shafa mata baƙin fitila, na tura, na kulle, na zare. Gefe ɗaya baƙin ya goge, ɗaya gefen ko taɓawa bai yi ba. Na sa kwanson harsashi marar komai a ciki, na girgiza, na ji yana motsi. Da na zura tsinke sai ga wani ɗan yankin gwangwani ya faɗo. A gida ƙasar Hausa, in bindigar toka ta yi sako-sako, cusa mata tsumma ko fata ake yi, ta ci gaba da aiki. Shi ma haka ya yi wa wannan, bai gaya mini ba, yana tsaye yana kallon ko zan gano.

Na ce ba ta yi ba. Ya yi 'yar dariya, ya ce dama an gaya masa maƙeran Makka sun koma masu liƙin buta. Daga nan ya fito da abin da ke ransa: wai so nake in kushe ta ya bar ta a nan, in gyara in sayar.

Ban san lokacin da na ɗora sakatar a kan uwar maƙera ba. Bugu uku na yi mata da masaba, ta lanƙwashe.

Bai yi faɗa ba. Ya naɗe tabarmarsa a hankali, ya ce, "Yaya, ko ubanka in ya yi shakkar bindiga, a itace yake ɗaure ta, ya ja kunama da igiya daga nesa. Me ya hana mu fita mu gwada?"

Gaskiya ya faɗa, haka ake yi, kuma na sani. Na ce masa harbi ɗaya ba ya shaidar na goma, wannan ma gaskiya ne. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Na ji tsoron ta tashi lafiya a gabansa ya yi mini dariya, kuma wannan tsoron yana cikin abin da ya ɗaga masabar.

Bai ƙara taka rumfata ba. Kuraye suka cinye masa awaki da dama a shekarar, kowace kuma sai an kawo mini labarinta.

Bayan sati biyu ƙanwata ta zo da goyonta, ba da saninsa ba. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ce, "Yaya, ka tabbata da ta fashe masa?"

Na dubi yarinyar da ke bayanta, na ce na tabbata. Ta yi ajiyar zuciya, ta gode mini har da durƙusawa, ta tafi. Ni kuwa ban tabbata ba.