Mushe Sunkuya, Mai Duba Ƙeyar Yara

Haihuwa da asali

An haifi Malam Abarshi ɗan Labo, wanda mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela suka fi sani da Mushe Sunkuya (mushe kuwa a bakinsu shi ne malamin boko), a shekarar 1961 Miladiyya, a ƙauyen Tungar Gawo da ke cikin karkarar Bazaga. Mahaifinsa Labo manomin gero da wake ne, mai amalanken jaki da yake kai kayan mutane kasuwa idan aikin gona ya ƙare. Mahaifiyarsa Asma'u kuwa mace ce mai haƙuri da ƙarancin magana, wadda Allah Ya azurta da 'ya'ya maza biyu kacal, wato Abarshi da ƙanensa Tanimun.

Ƙuruciya da neman ilimi

Bayan ya yi nisa a karatun allo, an sa shi lakwal, wato makarantar boko, a Bazaga a shekarar 1968, inda ya yi fice wajen lissafi da kuma tsokana, domin a lokacin bakinsa ba ya barin kowa.

A bazarar 1972 ne abin da ya sauya masa hali ya auku. Tanimun ya tashi da masassara da ciwon kai, aka dama masa fura aka ajiye gabansa, amma yaron ya kasa sunkuyar da kai ya sha, ya zauna ƙiƙam, haɓa sama. Abarshi ya dube shi ya ce, "Kai Tanimun, sarauta aka ba ka ne da ba ka duban ƙasa?" Duk gidan aka yi dariya, har da mahaifiyarsu, domin ba wanda ya san abin da sandarewar wuyan nan take nufi. Kafin kasuwar mako ta zagayo an rufe yaron. Sai daga baya sunan cutar ya iso ƙauyen, aka ce sanƙarau ne. Allah sarki, tun daga wannan shekara abokansa suka ce ba su ƙara jin Abarshi ya tsokani mai ciwo ba.

Ya shiga kwaleji a Birnin Ƙonni a 1975, ya samu birbe, wato shaidar gama kwalejin, a 1979, sannan ya wuce makarantar horon malamai a Tawa, inda ya kammala a 1982.

Fara aiki da aure

A damanar wannan shekara hukuma ta tura shi Dabagin Ƙirya, wani ƙauye a ƙasar Illela, inda ya tarar da lakwal ta rumfunan zana da yara masu zama a kan rairayi. A 1986 ya auri Hindu ɗiyar Hamza, mutuniyar Illela, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ita ce takan ce mijinta bai iya shiga gida ya zauna ba sai ya gama ba ta labarin 'ya'yan mutane, wanda ya yi tari da wanda ya zo babu karin kumallo, kafin ya tambayi nasa.

Annobar 1995 da asalin laƙabinsa

A bazarar 1995 sanƙarau ya faɗo wa yankin, makoki ya yawaita har mutane suka rasa gidan da za su fara zuwa gaisuwa. Abarshi ya tafi ɗakin shan magani ya sami majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, wani mai suna Hakim, ya roƙe shi ya gaya masa yadda malamin lakwal zai gane yaron da cutar ta kama kafin ta kayar da shi. Majo ya ce masa ya lura da zafin jiki, da ciwon kai, da amai, da ƙin haske, sannan ya sa yaro ya taɓa ƙirjinsa da haɓarsa, wanda ya kasa a garzayo da shi ba tare da jiran la'asar ba. Ya kuma gargaɗe shi cewa wannan dabara ba ta kama kowa, amma wanda ta kama da wuri yana da rabo. An ce nan take ƙwaryar furar Tanimun ta dawo wa Abarshi a rai.

Kashegari, bayan an ɗaga tuta, ya jera yara ya ɗaga murya ya ce, "A sunkuya!" Kowa ya kai haɓa ƙirji, shi kuma yana tsaye gabansu yana dubawa. A makonnin da suka biyo baya an fitar da yara da dama daga sahu aka kai su wurin majo a kan keke da amalanke, mafi yawansu kuma suka dawo da ƙafafunsu. Ya raba azuzuwa a ƙarƙashin itatuwa don a rage cunkoso, ya kuma mai da filin lakwal wurin allurar rigakafi ga gari baki ɗaya.

Amma fa abin bai tafi salin alin ba. Magana ta bazu cewa mushe yana sa 'ya'yan Musulmi yi wa tuta ruku'u, wasu suka ce a'a, shi kansa ake yi wa. Iyaye suka fara janye yaransu. Limamin garin, Malam Maikano, dattijo mai ilimi wanda ba ya ɓoye abin da ke ransa, ya taka har lakwal ya ce masa, "Mushe, na san niyyarka lafiya ce, amma kan ɗan Adam ba ya sunkuya wa ƙyalle, ba ya sunkuya wa mutum. Gyara wanga abu." Abarshi bai yi gardama ba, domin ya ga dattijon yana da hujja. Ya kwashe sahun daga gindin tuta ya mai da shi inuwar itacen dogon yaro, ya sa yara su fuskanci arewa, shi kuma ya koma bayansu yana bi yana duba ƙeyar kowa. Liman ya zo ya gani ya gamsu, ya kuma yi shela a masallaci cewa a mai da yara.

Daga nan sunan Mushe Sunkuya ya bi shi. Ya riƙe wannan al'ada kowace safiya daga shigowar zafi har saukar ruwan fari, ko da annoba ko babu. Har tsokanarsa ake yi cewa bai san fuskar almajiransa ba sai ƙeyarsu, kuma wallahi ba ƙarya aka yi masa ba, domin a kasuwar Ƙonni yakan hango ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, ta baya ya kira sunansa da na ubansa.

Shugabancin lakwal a ƙasar Malbaza

A 1999 aka haifa masa autarsa, Nasiba. A 2002 aka ɗaga shi zuwa muƙamin direkta, aka mai da shi Gidan Rairai a ƙasar Malbaza, ya tafi da iyalinsa da al'adarsa ta safe. Nasiba ta shiga lakwal ɗinsa, kuma ita ce mai bakin gidan: takan riga shi cewa "A sunkuya!" da 'yar siririyar muryarta, yara su fashe da dariya, shi kuma ya haɗe fuska alhali dariyar na cinsa.

Annobar 2009

A bazarar 2009 cutar ta dawo da ƙarfi. Da yara suka fara faɗuwa a ƙauyukan kewaye, umarni ya zo daga magabata cewa a rufe lakwal har abin ya lafa. Abarshi ya san hukuncin daidai ne, domin tara yara wuri ɗaya a irin wannan lokaci haɗari ne, ya kuwa rufe a ranar. Abin da ya hana shi sukuni shi ne sahun safe ya watse, kuma a duk garin babu wani wurin da ake duba yaro tun bai kwanta ba. Saboda haka ya yanke shawarar bin su gida gida. Da an sallame asuba sai ya hau babur, ya bi unguwanni da rugage da tungayen da almajiransa suke, ya yi sallama, a fito masa da yara su sunkuya a ƙofar gida, wanda ya kasa ya goya shi zuwa asibiti. Ba ya dawowa sai rana ta faɗi, jiki duk a mace.

A cikin waɗannan kwanaki ne Nasiba ta fara masassara. Idan zai fita tana barci, idan ya dawo ta riga ta kwanta, fuska ga bango. Hindu ta ɗauka zazzaɓin sauro ne, ta ba ta magani, ta kuma ƙi ƙara wa mijinta nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi. Da ya tambaya sai ta ce jikin da sauƙi, shi kuma ya amsa da "Allah Ya ƙara sauƙi," ya wuce. Ranar da ya dawo da la'asar ya tarar an dama mata kunu, tana zaune an jingina ta, kofin na gabanta, haɓarta na sama. Hindu ta ce ba ta taɓa jin namiji ya yi irin salatin da ya yi ba.

Ya goya ta a babur ya ɗaure ta da rawaninsa har asibiti. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah kuma Ya yi da sauran kwananta, Nasiba ta rayu. Amma ta tashi ba ta ji. Cutar ta tafi da kunnuwanta biyu, ba su kuma dawo ba.

Masu zuwa jaje suna ta yaba masa cewa ya ceci 'ya'yan gari, shi kuwa ba ya ɗaga kai. Abin da kawai aka riƙe daga bakinsa shi ne abin da ya faɗa wa wani malamin da ke aiki ƙarƙashinsa: "Na duba ƙeyar garin ga duka, ban duba ta gidana ba." Bai taɓa ɗora wa Hindu laifi ba, ita ma ba ta ɗora masa ba, amma baƙin cikin ya zauna a gidan kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Bayan annoba

Da aka buɗe lakwal, mutane suka ba shi shawarar ya bar yarinyar a gida, tunda kurma ba ta da abin yi a aji. Ina! Ya ɗauko ta ya zaunar da ita a bencin gaba, ya kuma bi gidajen sauran yaran da cutar ta kurmantar ya dawo da su. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana bin bayan yara, yanzu sai ga shi yana koyon tsayawa gabansu, yana magana a hankali don su karanta leɓɓansa, ya kuma ɗora wa malamansa wannan ƙa'ida. A sahun safe kuwa, tunda Nasiba ba ta jin kiran "A sunkuya," sai ya zo ta bayanta ya ɗora tafin hannunsa a ƙeyarta, ita kuma ta sauke kai. Wannan ya zama gaisuwarsu ta kowace safiya, rani da damana, har ta yi aure a Ƙonni a 2018.

Ya kuma kafa wata doka da bai yarda a taka ba: duk ranar da aka rufe lakwal saboda cuta, kafin a sallami yara sai an kira iyaye mata an koya musu dubawar da kansu, kuma babu malamin da zai fita duba ɗan wani sai ya fara duba nasa. Da amai da gudawa ya ɓulla a yankin, ya ɗauke randar da yara ke sha da moɗa ɗaya, ya sa butoci da sabulu a ƙofar kowane aji. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona, ya bi umarni kamar yadda ya saba, sai dai a wannan karo ya zauna gida, domin ƙarfi ya fara ja baya.

Ritaya da ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 2021, ya koma Birnin Ƙonni kusa da gidan Nasiba. Hawan jini ya matsa masa, daga bisani ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Sai ya zamana uba ba ya iya faɗa, ɗiya ba ta iya ji, kuma duk da haka babu wanda ya fi su fahimtar juna a gidan. Kullum da safe takan zo ta tallafo shi, ta ɗora hannunta a ƙeyarsa, shi kuma ya yi ƙoƙari ya kai haɓa ƙirji. Ranar da ta ɗora hannu kan bai motsa ba, ba sai da kowa ya yi mata bayani ba.

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya karɓi ran Malam Abarshi ɗan Labo a ranar wata Alhamis cikin bazarar 2024, yana da shekara sittin da uku. Bisa wasiyyarsa aka kai shi Tungar Gawo, aka binne shi kusa da inda dattawa suka nuna cewa nan ne kabarin Tanimun. Jama'a sun zo daga Illela da Malbaza da Ƙonni, manoma da direbobi da ma'aikatan buro, wato ofis, da 'yan kabu-kabu, mafi yawansu tsofaffin almajiransa. Sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da sujada, amma waɗanda suka halarta sun shaida cewa bayan liman ya yi sallama sahu bai watse ba, kowa ya tsaya haɓa a ƙirji, ba tare da wani ya ce a sunkuya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da ƙanensa a gidan rahama.

Iyalin da ya bari

Ya rasu ya bar matarsa Hindu da 'ya'ya biyar: Fa'izu, malamin lakwal a ƙasar Illela, Wasila, ungozoma a Malbaza, Tijjani, mai sana'ar sufuri a Ƙonni, Ƙasimu, wanda ya koma gonar kakansa a Tungar Gawo, sai autarsu Nasiba, mai ɗinki, uwar yara biyu, wadda ba ta taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan zafi ya shigo, matan unguwarsu sukan turo mata yara da safe su jeru a ƙofar gidanta ta bi bayansu tana dubawa. Sukan ɗan jira a waje, domin ba ta buɗe ƙofa sai ta gama duba ƙeyar nata.