Ba Umara, Mai Zaɓa wa Tsofaffin Motoci Fetur

Kowace safiya, da ya sha kunu, Ba Umara yakan rataya jakarsa ya hau keke daga unguwar Abbaganaram. Babu komai a jakar sai ƙananan kwalabe. Yakan bi gidajen mai, ya sayi ɗan kaɗan, ya ɗiga a tafin hannu, ya shinshina, ya tsaya kallon yadda yake bushewa. Wanda ya bar maiƙo, ya san an surka shi da kananzir. Masu zuba mai su ce, "Ba Umara, yau ma turare ka zo saya?" Shi kuma ya ce, "Naku na jiya ko injin markaɗe sai ya yi ƙorafi."

Daga nan sai garejinsa a Hausari, inda tsofaffin Fijo da Marsandi suke jere kamar dattawa a wurin ta'aziyya. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma nakan zauna can don jin bayaninsa. Abin da 'yan boko suke kira oktan, shi haƙuri yake ce masa. Fetur mai haƙuri yana jira sai fulogi ya ba shi wuta. Marar haƙuri kuwa kamawa yake kafin lokaci, sai inji ya riƙa ƙara siririya kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. A da, in ji shi, famfo biyu ne, ka zaɓi wanda ya dace da motarka. Yanzu famfo ɗaya ne, halin man kuma kullum daban. Idan ya rasa mai kyau, sai ya ɗan ja taimin, wato saitin lokacin wutar inji, baya, yana saurare har ƙarar ta ɗauke.

Kai ne kunnen motocin da masu su suka riga su tafiya, Umara.

Cikinsu akwai farar Fijo ta marigayi mijin Ya Kaltum, dillalin shanu. A cikinta aka kai ta ɗakinta, a cikinta aka kai shi asibiti tafiyar da bai dawo ba. 'Ya'yanta suna son filin da motar take tsaye don su yi shago, suka ce ranar da ta daina tashi, ranar masu sayen tsohon ƙarfe za su zo. Saboda haka kowace Juma'a Ba Umara yakan je gidanta a Bulumkutu da galan ɗinsa, ya tayar da motar, ya zagaya da tsohuwar cikin unguwa.

Sai kunnensa ya fara tafiya. Mun lura ne da muka ga yana kafa dogon sukudireba a jikin inji, ya cije ƙotar da haƙora, wai ta nan yake jin motsin. Abin ya burge ni, har na yi ta ba da labari. Ashe wahala ce yake ɓoyewa.

Bara, lokacin ƙarancin mai, ya saya a hannun 'yan bumburutu. Mura ta toshe masa hanci, kunne kuma babu. Fijo ta yi ta kuka a hanya bai ji ba, har fistin ya ƙone. Ya kwance injin da hannunsa, ya nemo kayan, ya haɗa. Saura saiti, kuma saiti sai da kunne.

Wani direba, maƙwabcin Ya Kaltum, yana wurin, shi ya ba ni labari. Ba Umara ya tsaya riƙe da sifana ya ce, "Ya Kaltum, ni dai ba na ji. Ki nemi wani."

Ta ce, "Wa zan nema? Masu sa wa mota kwamfuta?"

"To ba yadda zan yi."

Ta jawo kujera har bakin bonet. "Muryar motar nan na fi sanin ta da ta mai ita, shi ba mai yawan magana ba ne. Ka juya taimin, in ta yi daidai zan ɗaga hannu."

Ya juya a hankali, yana kallon hannunta. Ta girgiza kai. Ya ƙara. Can ta rufe ido, hannun ya tashi.

Fijo tana nan tana tashi. Amma a watan jiya Ba Umara ya rufe gareji, ya ce ba zai riƙa karɓar motar mutane yana yi musu canke ba. Ta Ya Kaltum kawai ya riƙe, ita ma sai in tsohuwar tana da lafiyar zama a kujera. Duk shekarun nan ba wanda ya zauna ya koya, kowa ya ce motocin sun kusa ƙarewa.

Mun gode, Umara. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Ku kuma matasan bakanikai, ranar Juma'a bayan la'asar za ku same su a Bulumkutu, shi da sifana, ita da kunne. Ku je ku tsaya a tsakaninsu tun suna nan su biyun.