Butar Malam a Iskandariyya

Har yau akwai mutane a danginmu da suke cewa ni na ƙarasa idon mahaifina. Ba sa faɗa a gabana don sun san halina, amma magana ba ta ɓuya a gidanmu. To bari in faɗi yadda abin ya faru da bakina, mai son ci gaba da zargi ya ci gaba.

A 2014 ina shekara ta uku da fara karatu a Alƙahira. Ni da maigidana muna zaune a wani ɗan gida a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir, benen da kullum matakalarsa ke warin soyayyar albasa da turaren 'yan Sudan. A ƙarshen zafin shekarar babban yayanmu ya kawo Malam, haka muke kiran mahaifinmu, ganin likitan ido. Idon hagu ya riga ya mutu tun a gida. Na dama ne ya rage, shi ma ganin ya tsuke, sai abin da ke gabansa daidai yake gani, kamar mai leƙe ta hudar ƙyaure.

Likitan yana tsallaken Nilu. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juyo wurina don ni ce tafinta. Ya ce hawan jinin ido ne, an makara, jijiyar ta riga ta lalace, aiki ba zai dawo da komai ba. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce zai ɗan ja lokaci, wata nawa ne shi ma bai sani ba. Na juya zan fassara, na fara kwana-kwana ina neman kalmomi masu taushi. Malam ya ɗaga hannu.

"Uwata, faɗi yadda ya faɗa. Larabcin nasa ne ya yi mini sauri, amma na ji muryarsa."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na faɗa masa yadda aka faɗa. Ya ce alhamdu lillahi, ya laluba ya ɗauki hularsa.

A hanyar dawowa motar da muke ciki ta tsaya a cunkoso a kan gada. Malam ya kai fuskarsa jikin gilashi yana neman ruwan da ɗan ganin da ya rage masa. Na ce Nilu ke nan. Ya ce wannan ai kogi ne, ya san kogi. Can ya ce, "Shi tekun yana da nisa daga nan?" Na ce kamar awa uku a jirgin ƙasa. Ya ce, "Uhm." 

Sai wanda ya san Malam zai gane nauyin wannan uhm ɗin. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce a ƙara masa miya ba. Shekara arba'in yana karantar da fikihu a zauren gidanmu, a wani ƙauye a ƙasar Katsina, kuma duk wanda ya fara littafi da babin ruwa yake farawa: ruwan sama, ruwan rijiya, ruwan kogi, ruwan teku, wanne ake alwala da shi, wanne ba a yi. Ina 'yar shekara bakwai na haddace daga bakinsa cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ruwa mafi girma a garinmu kuwa tafkin bayan gari ne, inda ake buga tubali, wanda kafin bazara ya zama fili awaki na kiwo a ciki. Shekara arba'in yana ba da hukuncin abin da bai taɓa gani ba, ga shi saura kwana biyar ya koma, ga ido yana bankwana.

Maƙwabciyata Bahaushiyar Sudan ce, ta taɓa zama a Iskandariyya, garin da ke bakin tekun. Ina gaya mata ta zauna ta shiga lissafo mini abubuwan gani, ina rubutawa a bayan takardar magani. Tsohuwar ganuwar dutse da ke cikin ruwa. Babban ɗakin karatu. Lambun gidan sarautar da. Masallacin waliyyi. A hau tarago mai bin tsakiyar gari, a ci kifi inda kai za ka zaɓa a gasa maka, a sha ais kirim a kan Kurnish, wato doguwar hanyar da ta bi bakin ruwa. "Ku fara da ganuwar, ya ukhti," ta ce, "bahar ɗin ba inda zai je."

Yaya ɗan kasuwa ne. Tun ranar da suka sauka, in ba ranar likita ba, da sassafe yake ficewa kasuwar Ataba, ya dawo da yamma da ƙunshin abaya da takalman mata, har falonmu ya koma sito. Na jira ya ci abinci, sannan na ce gobe zan kai Malam Iskandariyya, ya ba ni fasfonsa. A shekarun nan baƙo ba ya barin gari ba takarda, ana yawan tsayar da mutane a hanya, fasfon kuwa yana cikin 'yar jakar da Yaya ke ɗaure wa a ƙugu ko wanka zai shiga.

Ya dube ni kamar na ce zan kai Malam gidan rawa. Ya ce magani muka zo nema, ba yawon buɗe ido ba. Ya ce bakin teku wurin tsiraici ne, malami kamar Malam me zai je yi. Ya ce in labari ya kai gida cewa an kawo dattijo asibiti an ɓuge da shaƙatawa, da wane ido za mu kalli mutane. Ya ce ga iska, ga yashi, ga gishiri.

Na ce, "Yaya, a Ataba maganin ido ake sayarwa?"

Maigidana yana da jarrabawa washegari. Ya sunkuyar da kai cikin littafinsa, har yau ban ga mutum ya so littafi kamar yadda ya so shi a wannan lokacin ba. Yaya ya ce karatun Masar ne ya buɗe mini baki. Na ce da bakina na zo, shi ma shaida ne. Raina ya ɓaci sosai, don na san ba mugunta ce ke sa shi ba, tsoron bakin mutane ne, kuma a kan wannan tsoron zai mai da tsohon nan gida ya makance bai gani ba.

Malam yana kan darduma yana jan carbi, kamar ba da shi ake ba. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba ta fasfon."

Yaya ya kwance jakar, ya ajiye fasfon a kan tebur, bai miƙo mini ba. "Duk abin da ya sami idon nan, ke ce."

Na ce na ɗauka.

Da safe Malam ya fito cikin farar babbar rigarsa, da butarsa a hannu, koriyar butar roba da ya taho da ita tun daga gida, wadda aka ɗaure murfinta da zare. Na ce, "Malam, teku fa za mu." Ya ce ya sani. Haka muka shiga jirgin ƙasa, shi da buta a tsakanin ƙafafu, ni da takardata da kwalbar magani. Ba wanda ya tambaye mu fasfo, zuwa da dawowa.

Da muka sauka na buɗe takardar na fara karanta masa tsarin da na yi: ganuwa tukuna, sai masallaci, sai kifi, teku a ƙarshe, yadda ake ajiye nama sai an gama tuwo. Ya saurara har na kai aya.

"Uwata, ba ni da idon ɓatawa a kan duwatsu. Kai ni ruwan."

Na ninke takardar. Muka hau tasi, muka bi Kurnish, na sauke mu a wani bakin ruwa da jama'a ke shiga. Tsiraicin da Yaya ke tsoro na neme shi ban gani ba. Mata ne da abayoyinsu da mayafansu tsundum cikin ruwa har ƙirji, riƙe da hannun juna suna ihu in igiyar ruwa ta taso. Wani mai tumbi cikin singileti yana kwance an binne ƙafafunsa da yashi. Mai gasa masara yana fifita. Mai ba da hayar kujeru da laima ya taho da sauri yana "itfaddal ya Hagg", wato bismillah Alhaji, na ce masa tukuna.

Na riƙe hannun Malam har inda yashi ya fara jiƙa, na saki. Ya tsaya. Da yake ido ɗaya ne kuma ta 'yar ƙofa yake gani, ba zai iya ɗaukar tekun gaba ɗaya ba. Sai ya fara daga hagu, yana juya kai a hankali a hankali zuwa dama, ya kai ƙarshe, ya sake dawowa. Ya yi haka ya fi sau biyar. Iska tana ta kaɗa rigarsa. 

"Wancan layin," ya ce, "can ne ƙarshensa?"

"A'a Malam, can ne ido yake tsayawa."

"Nawa ko naki?"

"Na kowa."

Ya yi dariya. "To yau ni da masu ido mun zo ɗaya."

Aka kira azahar daga wani masallaci a bayanmu. Malam ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya tattare riga a kafaɗa, ya nufi ruwa da buta. Ya sunkuya zai ɗiba, ruwan ya gudu. Ya bi shi taku biyu, ruwan ya dawo ya jiƙa shi har gwiwa. A karo na uku ya samu ya cika. Sai ya juyo, ya tako har kan busasshen yashi, ya tsuguna, ya ajiye butar a gabansa ya fara wanke hannu.

A garinmu haka ake yi. Ba ka wanke ƙafa a bakin rijiya ko cikin tafkin da ake sha. Ka ɗiba, ka koma gefe, don kar ka ɓata wa na bayanka. Amma mutanen wurin ba su san garinmu ba. Na ji dariya ta fara tashi daga ƙarƙashin laimomi, wani har ya ɗaga waya. Na juya na zuba masa ido har sai da ya sauke ta. Mai kujeru ya matso yana dariya yana nuna ruwan da hannu biyu.

"Me yake cewa?" in ji Malam.

"Ya ce ga teku duka a gabanka, me za ka yi da buta."

"Ce masa akwai masu zuwa bayana."

Na faɗa masa. Ya daina dariya, ya ce, "Tamam ya Hagg," wato daidai ne Alhaji, ya je ya kawo tabarma ya shimfiɗa, ba wanda ya roƙe shi.

Malam ya cika baki da ruwa yadda ya saba da na rijiya. Fuskarsa ta yamutse, ya furzar, ya shiga tari. Ya sake, ya sake, sai da ya cika uku. Da ya shaƙa a hanci kuwa hawaye suka zubo masa, har da idon da ya mutu. Na fito da ruwan gora da sauri na ce, Malam, fuskar dai a yi da wannan, saboda idon.

"Shekara arba'in ina ce wa mutane ya halatta," ya ce, murya a shaƙe. "In zo gabansa in ƙi?"

Ya runtse ido gam, ina kallo, ya wanke fuska sau uku da ruwan teku. Ya gama alwalarsa tsaf, bai bar ko sunna ɗaya ba. Alƙibla ta sa dole ya juya wa ruwan baya, yana sallamewa ya juyo. Muka zauna a kan tabarmar har la'asar. Na sayo masa masara, na ɗiga masa magani a kan lokaci, shi kuwa yana ta juya kai daga hagu zuwa dama. Ganuwa, lambu, ɗakin karatu, tarago, ko ɗaya ba mu je ba. Kifin kawai muka ci a hanyar tasha, ya ce ya yi daɗi amma bai kai tarwaɗa ba.

Da muka dawo Yaya ya kunna fitilar waya ya haska idon. Ya yi ja, ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Ga shi nan," ya kashe fitilar. Washegari jan ya washe. Na koma wurin likita ni kaɗai na tambaye shi, ya ce gishiri ba ruwansa da jijiyar ido. Na gaya wa Yaya, ya ce ai dole likita ya faɗi haka.

Wata biyar da komawarsu ganin ya ɗauke gaba ɗaya. Yaya ne ya bugo. Ya ce, "To, idon ya tafi," ya yi shiru, irin shirun da ake barin mutum ya ƙarasa wa kansa. Na kashe wayar na yi kuka har na gaji. Kukan ubana na yi, ba na nadama ba.

Da na je hutu na tarar bai daina karantarwa ba, da ma littattafan suna kansa. Wata safiya na tsaya a bayan ƙofar zaure, inda nake laɓewa ina yarinya, wani magidanci yana biya babin ruwa. Suka zo kan teku. Malam ya ce ya halatta, kamar yadda ya saba. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ka cika baki, kuma ka shaƙa a hankali." Mutumin ya ce, Allah gafarta Malam, wannan a wane littafi yake? Malam ya ce ba a littafi ba ne, shi ya je, ya gan shi.

Na leƙa. Yana zaune a kan buzu, koriyar butar a gefensa, yana juya kai a hankali daga hagu zuwa dama.

Yaya bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Masu cewa ni na ƙarasa idon su yi ta faɗa. Na ce na ɗauka, kuma har yau ban sauke ba.