Jariran da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Ina aikin rajista a wani ƙaramin asibiti kusa da Godogodo lokacin da malaman jami'a da abokan aikinsu na ƙasar waje suka kawo mana kwamfuta. Na yi murna, don ɓera ya sha cinye mana littattafai.

Sai dai kwamfutar ba ta karɓar jariri sai da suna. Mu kuwa a nan sai an koma gida dangi sun shawarta, wani ma sai ranar miƙa shi a coci ake jin sunansa. Ana nan, jarirai biyu da aka haifa a asibitinmu suka rasu kafin suna. Ni na rarrashi uwayensu, amma a rahoto kamar ba a haife su ba.

Ranar taron malaman na hau mota zuwa Kafanchan, na ajiye tsohon littafina a gaban babbansu.

Ya ce, "Mama, haka tsarin yake."

Na ce, "Malam, mutum ne ya tsara shi. Ku gyara."

Sai da na koma sau uku kafin suka buɗe gurbin "jaririn wance". Ranar da gurbin ya fara aiki, waɗancan jarirai biyun na fara shigarwa.