Ranar da Baba Ya Kashe Mana Janareta

Shekara tara na yi a ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta garinmu, huɗu daga ciki ina mataimakin sakatare, wato ni ne mai rubuta duk abin da aka faɗa a taro. Saboda haka in na ce ba a cika faɗin abin kirki ba, kada wani ya yi mini gardama. Littattafan suna nan a ɗakina a Bolori, gara tana cin su a hankali, ni kuma ban hana ta ba.

Asabar ɗin ƙarshen kowane wata muke haɗuwa, a wani gida mai ɗaki uku da allon sunansa ya fi ƙofarsa girma. Gaisuwa kaɗai takan ci rabin awa. "Injiniya!" "A'a, Injiniya, kai ne a gari?" "Wallahi ni ne, Injiniya." Kowa yana kiran ɗan'uwansa da sunan don a mayar masa. Kowace mota a waje tana da farar hular kwano a ajiye ta gilashin baya, fes da ita, ko ƙwarzane babu. Ta shugabanmu ma har da ledar da aka sayo ta a ciki.

Ayyukanmu kuwa, kai! Akwai laccar shekara-shekara a kan makomar wutar lantarki a yankinmu, wadda makomar ba ta taɓa canzawa ba, sai dai mai karantawa. Akwai ziyarar gani da ido, inda muke cika mota mu je mu tsaya gaban taransifoma a ɗauke mu hoto, kowa ya nuna ta da yatsa kamar bai taɓa ganin irinta ba. Akwai daren karramawa, inda nake miƙa maka allon yabo bana, kai ka miƙa mini baɗi. Lokacin da garin nan ya yi watanni a cikin duhu, masu ƙanƙara suka rufe shago, masu walda a Bulabulin suka koma zaman kashe wando, mun yi taron gaggawa. Na duba abin da na rubuta ranar: shafi ɗaya a kan duhu, shafi uku a kan launin rigar da za a ɗinka mana.

Mambobi kashi biyu ne. Akwai cikakku, masu digiri, su ne a kujerun gaba masu katifa, su ke jefa ƙuri'a, kuma kowannensu yana da hatimi. Akwai kuma masu gyaran wuta, waɗanda suka koyi aikin da hannu. A takarda sunansu mambobin haɗin gwiwa, a bakinmu 'yan baya, don a kujerun roba na baya suke zama, ba su da ƙuri'a, ba su da hatimi. Hatimin nan shi ne komai. Babu babban gini da za a karɓi aikin wutarsa sai da hatimin cikakken mamba a ƙasan takarda. Sai ya zama ɗan baya ya yi wata guda yana fasa bango yana jan waya, ya kawo takarda, injiniya ya ɗora ta a kan sitiyari ya buga hatimi, bai ma san unguwar da ginin yake ba. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

A cikin 'yan baya akwai wani dattijo Babarbare daga Gwange, kowa Baba yake ce masa. Ya fi shekara talatin yana aikin. A hannunsa na koyi abin da na iya, lokacin da makaranta ta tura ni koyon aiki, na je da lissafi cike da kai amma ban iya fere waya ba sai na yanke ta. Bai taɓa yi mini dariya ba. In na yi kuskure sai ya ce, "Sake, ɗana," ya juya ya ci gaba da nasa. Daga ranar da na karɓi hatimi ya daina ce mini ɗana, ya koma Injiniya. Na roƙe shi ya bari, ya ce haka tsari yake.

Wata rana ya kawo mini takarda in buga, muna tsaye a inuwar darbejiya, sai ya ce, "Injiniya, ido ya fara tafiya. Likita ya ce yanar ido ce. In na yi shekara biyu nan gaba ina aiki, Allah ya yi mini gata." Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake so. Kafin in ajiye jaka, in ga sunana a ƙasan aikina, ko sau ɗaya ne."

Akwai wata 'yar ƙofa a kundin tsarin ƙungiya da ba wanda ya taɓa bi. Ɗan baya da ya daɗe a aiki yana iya zama cikakke in ya tsaya gaban kwamiti ya gabatar da takarda ta minti talatin, da Turanci, da majigi. Na san an rubuta ta ne don a ce akwai, amma na ce mu gwada. Wata uku muka yi muna shiri. Ya zaɓi ya yi magana a kan yadda ake binne wayar ƙasa a irin rairayinmu, wanda ba ya riƙe danshi, abin da ya fi duk wani mai digiri a garin nan sani. Ni na rubuta masa da manyan baƙaƙe, shi ya haddace. Matarsa ta ce mini har tuwo yake yi wa lacca.

Ranar ta zo a tsakiyar zafi, irin wanda kwalta take manne wa takalmi. Baba ya saka babbar riga da hular zanna, ya sha turare, ni kaina ban taɓa ganinsa haka ba. Babu wuta a unguwar tun safe, don ma'aikatan wuta sun kashe layi suna gyara. Mun wuce su a kwanar titin ofis, suna sauke tsani daga mota. Baba ya tsaya ya ce musu wushe, gaisuwar Barebari, ya tambayi ɗaya lafiyar mahaifinsa, sannan muka ƙarasa.

A ofis janareta na ta ruri, ɗaki ya yi sanyi ƙalau. Wani Inyamuri mai shagon kayan wuta a kasuwa, wanda muka naɗa uban ƙungiya, shi ya ba mu kyautar na'urorin sanyi guda uku makonni kaɗan kafin nan. Mutumin kirki ne, har ya ce a kira Baba ya haɗa su. Shugaba ya ce yana da yaronsa. Yaron ya haɗa, shugaba ya buga hatimi, aka yi walimar buɗewa da lemo da cincin.

Mu biyar ne a kwamiti: shugaba, ma'aji, wasu manya biyu, sai ni da littafina. Baba ya fara. Wallahi ya yi ƙoƙari. Shugaba yana danna waya, ɗaya daga manyan ya fara gyangyaɗi, ma'aji kuwa aikinsa ɗaya, duk kalmar da harshen Baba ya karkatar sai ya maimaita ta daidai, da ƙarfi, yana murmushi. Mutumin da ko fis ɗin wuta bai iya canzawa a gidansa ba! Na ji kamar in jefe shi da biro, amma na daure, don ina kallon agogo, saura minti tara kawai.

Sai Baba ya tsaya a tsakiyar magana. Idonsa yana kan taga. Na bi inda yake kallo, ban ga komai ba sai shagon wani tela a tsallaken titi. Ƙwan fitilar ƙofar shagon yana ci, ja-ja, da rana tsaka. Ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Baba ya ajiye sandar nuni a kan tebur, ya tattare babbar rigarsa, ya fita da sauri ba tare da ya ce wa kowa uffan ba.

Ba a yi minti ɗaya ba janareta ya mutu. Majigi ya ɗauke, sanyi ya tsaya. Shugaba ya ɗago kai ya ce, "Wane ɗan iska ne wannan?" Ta taga na hango Baba yana gudu-gudu zuwa kwana, yana ɗaga hannu yana ƙwala kira da Barbarci. Mutumin da ya gaisar ɗazu ya riga ya kai rabin tsani. Ya tsaya, ya waiwayo, ya sauko.

Baba ya dawo sharkaf da gumi, hula a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Babu wuta a layi, telan can ba shi da janareta, amma fitilarsa na ci. Wutarmu ce take komawa kan falwaya. Wanda ya haɗa na'urorin sanyin nan ya tsallake makunnin da ke raba janareta da layin waje. Da mutumin nan ya kai hannu, da yanzu wata magana ake yi."

Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, don ko ɗan ajin farko ya san wannan. Mu biyar, da digiri biyar, muna zaune muna shan sanyi muna aika mutuwa kan titi, kuma kowa ya san hatimin wane ne a ƙasan takardar aikin. Na kalli shugaba. Wuyansa ya kumbura, yana ta juya zobensa. Na ɗauka zai ce an gode. Har ga Allah na ɗauka haka, don a lokacin ina da sauran wauta.

Ma'aji ne ya cece shi. Ya jawo kundin tsari, ya lashi yatsa, ya buɗe kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya karanta cewa duk mai neman ƙarin matsayi da ya fita daga ɗaki kafin lokacinsa ya cika, ba da izinin shugaba ba, ya janye ke nan, kuma ba zai sake nema ba sai bayan shekara biyu. Shugaba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, Baba, ka ji. Ba ni na rubuta ba. Mu ƙungiyar ƙwararru ce, ba a tashi a fita haka kawai kamar a majalisar shayi."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, da na tsaya neman izini ai..."

"An gane, an gane. Masu goyon baya?"

Hannu huɗu suka tashi, har da na mai gyangyaɗi, wanda na tabbata bai san a kan me ake ba. Shugaba ya dube ni. A lokacin shi yake ba ni ƙananan ayyuka, kuma ya yi mini alkawarin kujerar sakatare. Ban ɗaga hannu ba, ban kuma ce a'a ba. Na sunkuyar da kai a kan littafi kamar rubutu ya sha mini kai. Ya ce, "Rubuta baki ɗaya aka amince. Maganar janareta kuma ba ta cikin ajanda, kada ka saka." Na rubuta yadda ya ce, da kyakkyawan rubutuna. Na raina mutanen ɗakin nan ƙwarai, har gobe ina raina su, amma su aƙalla sun ɗaga hannunsu kowa ya gani.

Ranar Litinin shugaba ya kira ni a waya. Ya ce in nemo wanda zai gyara wayar ofis, amma a yi shiru, kuma a samo wanda ya iya. Mu duka mun san mutum nawa ne suka iya. Na je Gwange wurin Baba ina jan ƙafa, ina fatan ya zage ni ko ya kore ni. Ya saurare ni, ya shiga ciki, ya fito da jakarsa.

Awa biyu ya yi. Da ya gama ya kira ni, ya nuna mini kowace waya, inda ta fito da inda ta shiga, ya sa na kunna janareta na je na duba fitilar tela da idona. Ranar ma babu wuta a layi, kuma ba ta ci. Ya goge hannunsa, ya ciro takardar kammala aiki daga aljihu, ya shimfiɗa ta a kan tebur ɗin da kwamiti ya zauna.

"Injiniya, a buga mini."

Na ce, "Baba, don Allah..."

Ya ce, "Ba a karɓa sai da shi."

Na ciro hatimi na buga. Ya ɗauki takardar ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa ko tawadar ta fito sosai. Sunana ne a wurin, ɓaro-ɓaro. Ya ce ta fito, ya yi mini godiya, ya ɗauki jakarsa.

Kafin shekara biyun su cika, jikarsa ce take riƙe masa hannu zuwa masallaci.